Rabon Allura

Karo na uku ke nan Kafinta yana shimfiɗa tef ɗin awo a kan teburin aikinsa, kuma duk amsa ɗaya yake samu. Rabin bargon da matarsa ta ɗinka, faɗinsa inci talatin da biyu ne. Rabin da shi ya ɗinka kuwa ashirin da takwas. Ya danne gefe guda da guduma, ya ja ɗaya gefen da ƙarfi. Yana saki, ƙyallen ya koma yadda yake.

"Inci huɗu," ya ce, yana duban teburin kamar shi ya ɓoye su. "To ina kuka shiga?"

Agogon bango ya nuna takwas da rabi na safe. Ƙarfe huɗu na yamma za a sallami jikarsu daga asibiti.

A gidan nan jikoki shida aka yi, kuma kowannensu a cikin bargon Kaka ya bar asibiti. Kaka ita ce matar Kafinta, sunan da jikoki suka sa mata ya bi ta har a bakin maƙwabta. Takan tara tsofaffin tufafin mutanen gida, ta yanka su ƙanana ƙanana masu kusurwa huɗu, ta haɗa su layi layi, ta sa auduga a tsakiya da shafi a baya. Da Auta, ƙaramar 'yarsu, ta sami ciki, Kaka ta fara na bakwai. Ta gama layi biyar cikin goma sai ciwo ya kwantar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Baki ya dawo, ƙafa ma tana takawa da sanda, amma hannun yana nan kwance a cinyarta kamar baƙon da ba a san abin da za a yi da shi ba. Ranar da ta dawo gida ta ce a fitar mata da keken ɗinki daga ɗaki. Kafinta ya kai shi rumfar aikinsa a bayan gida, har da jakar ƙyallayen.

Ita kuma jaririyar ba ta jira lokacinta ba. A wata bakwai ta zo, aka sa ta a kwalba mako uku. Kaka ba ta je ta gan ta ba. Ta ce ba za ta shiga cikin mutane ana kallonta ba. Maganar bargo kuwa ba wanda ya tayar, har Auta.

Shi ya sa Kafinta ya yi mako biyu yana ɗinki a ɓoye. Telan bakin titi ya nuna masa yadda ake taka keke, sauran ya ce ai awo ne, awo kuwa aikinsa ne shekara arba'in. Ya auna gidajen da ke cikin rabin matarsa, ya ga kowanne inci huɗu cif. Ya yanka nasa guda arba'in, inci huɗu cif, da reza da kwana, ƙarfen da kafintoci ke daidaita kusurwa da shi, ba wanda ya fi wani ko da gashi ɗaya. Sai yau da ya zo haɗa rabi da rabi ya ga abin da ya gani.

Ya zauna a kan benci. Zai iya naɗe komai ya mayar jaka, ya tsaya a kasuwa ya sayi bargon kanti, ba mai cewa ya yi laifi. Ya daɗe yana kallon layukan matarsa. Ga guntun rigar makarantar Auta, ga na tsohon labulen ɗakinsu. Daga ƙarshe ya tashi ya kwashi rabi biyun, ya nufi cikin gida.

Kaka tana zaune a kujerarta ta bakin taga, rediyo yana magana shi kaɗai, shayinta ya huce. Ƙwallon robar da likitar gashin ƙashi ta ba ta don ta riƙa matsawa yana ƙarƙashin kujera, inda ya faɗa tun shekaranjiya.

"Maman yara, na kawo ƙara," in ji shi.

"Ƙarar wa?"

"Ƙarar ƙyalle. Ya cinye mini inci huɗu."

Ya shimfiɗa su a kan gado. Kaka ta dubi nata rabin, ta kau da kai da sauri.

"Wa ya ce ka taɓa mini jaka?"

"Ba kowa."

"To mayar."

"Zan mayar. Amma ki gaya mini inda na ɓata, ko na samu barci. Wallahi na auna sau biyu kafin na yanka. Kin san ni."

Ta ci gaba da kallon taga. Sai dai idon mai sana'a ba ya iya wuce aikin da ya karkace. A hankali ta juyo, ta dubi nasa rabin, ta sake duba.

"Miƙo shi nan. Juya mini bayansa."

Ya juya. Ta bi ɗinkin da ɗan yatsanta na hagu.

"Inci nawa ka yanka?"

"Huɗu. Daidai da naki."

"A ina ka auna nawa?"

"A fuskar bargon mana."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta. Da farko ya ɗauka tari ne, har ya miƙa hannu ga kofin ruwa. Ashe dariya ce. Wata huɗu rabonsa da jin ta.

"Kafinta ke nan! Ka ɗauka katako ne, a haɗa baki da baki a buga ƙusa? Juya nawa ka gani."

Ya juya. A bayan kowane ɗinki akwai ɗan siririn ƙyalle a kwance, wanda ba a gani ta fuska.

"Wannan shi ne rabon allura," in ji ta. "Ba ta aiki kyauta. Kowane gefe sai ta ci kwatan inci. In kana son gida mai inci huɗu, huɗu da rabi za ka yanka. Kai ka hana ta nata, ita kuwa ta ɗiba daga naka. Rabin inci a gida takwas, nawa ke nan?"

"Huɗu," ya ce a hankali. Ya dafa kai. "Tela bai gaya mini ba."

"Ka tambaye shi? Ai cewa za ka yi ka iya awo."

Ya sosa ƙeya.

"To sai in farke duka in sake yanka?"

"Ka yanka me? Ƙyallen da aka yanka ƙarami ya taɓa girma? Kuma jakar ta kusa ƙarewa, na san abin da na bari." Ta dubi taga, sannan ta tambaya kamar ba ta damu ba: "Ƙarfe nawa za a sallame su?"

"Huɗu."

"Ɗauko keken."

Ya tsaya yana kallonta.

"Ka kurumce ne? Keke, da dutsen guga, da almakashi babba. Kuma ka wanke hannu, duk ƙurar katako ce."

Kafin tara da rabi ɗakin ya koma yadda yake a da. Kaka ta sa ya shimfiɗa rabi biyun a ƙasa, ta duba su daga sama, ta yanke shawara. Ba za a farke komai ba. Za a ƙara wa rabinsa tsiri ɗaya a dama, ɗaya a hagu, har ya kamo nata. Sannan a ratsa wani tsirin a tsakaninsu, don gidajensa da nata ba za su taɓa haɗuwa baki da baki ba, in kuwa an raba su da ratsi ido ba zai tsaya yana ƙirga ba.

"Bari in ruga kasuwa in yanko yadi," in ji Kafinta.

"Zauna. Sabon yadi sai an wanke shi an shanya kafin ya shiga bargo. In ba haka ba, wankin farko zai tsuke, ya ja tsofaffin su yamutse, in kuma mai zuba ne ya rina maka aikin gaba ɗaya. Muna da lokacin shanya?"

"Babu."

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Idonta ya tsaya a kan rigar aikinsa, shuɗiya mai kauri, wadda ta kode ta yi laushi.

"Tuɓe."

"Haba, Maman yara! Rigar nan shekararta goma."

"Shi ya sa. Ta sha wanki ta gama tsukewa, ta gama zuba. Jiya aka wanke ta?"

"Yau na sa ta."

"To alhamdu lillahi. Tuɓe, dama na gaji da ganinta."

Ya sa wata, ya shimfiɗa tsohuwar a kan tebur. Ta ce ya bar aljihu da wuya da duk inda ya sile, ya ɗauki baya da hannuwa. Ya ɗauko alli da kwana.

"Inci biyu biyu ke nan, tun da huɗu muke nema."

Kaka ta zuba masa ido. Ya ɗora alli zai ja, sai ya tsaya.

"Biyu da rabi," ya gyara.

"Allah ya shirya ɗalibi."

Keken ne ya fara ba su wahala. Kafinta ya taka bai wuce taƙi ɗaya ba sai zare ya cukurkuɗe a ƙasa, ya yi tuli kamar sheƙar tsuntsu. Ya tashi zai ɗauko sukundireba ya kwance ƙasan keken.

"Ajiye. In ka ga rikici a ƙasa, sama za ka fara dubawa. Zare ka fitar duka, ka ɗaga ƙafar keken, ka sake bi da shi hanya hanya. Ga shi nan ka tsallake ƙugiya ɗaya. Allurar nan kuma tun yaushe?"

"Ita na tarar."

"Ka yi gida arba'in da allurar da na yi arba'in da ita? Kai kana yanka da zarton da ya dakushe? Akwai sabbi a gwangwanin nan."

Ya sauya allura, ya hure ƙurar zaren da ta taru, ɗinki ya miƙe. Amma sai ya riƙa taka keken kamar mai tsere, yana tura ƙyallen da hannu biyu.

"A hankali! Kada ka tura, kada ka ja. Keken ya san hanya, kai rakiya kawai za ka yi masa."

Ta sa ya manna guntun takarda a jikin keken, kwatan inci daga allura, ya riƙa bin bakinta da bakin ƙyallen. Wannan dabarar ta burge shi ƙwarai.

"Ashe ku ma kuna kafa ma'auni."

"Kai ka ɗauka da ido muke yi?"

Wajen guga ma sai da ta tsayar da shi, don gogawa yake yi gaba da baya kamar mai goge katako. Ta ce ya ɗora, ya danna, ya ɗaga, in ya ja ƙyallen zai miƙe ya karkace. Rabon allura kuma a kwantar da shi ta ɓangaren mai duhu, kada inuwarsa ta fito ta cikin fari.

Sha biyu da kwata ya ɗaga fuskar bargon da hannu biyu. Sama layukanta biyar, ƙasa nasa biyar da shuɗi a gefe da gefe, shuɗin ratsi a tsakiya. Ya ɗora tef a sama, ya ɗora a ƙasa. Daidai.

Wayarsa ta yi ƙara. Auta ce.

"Baba, likita ya sa hannu. Huɗun nan dai. Ka taho mana da tawul babba, wanda ke nan ya jiƙe."

"To, Auta."

"Mama fa? Ta ci abinci?"

Ya dubi Kaka. Tana riƙe da fil uku a baki, tana girgiza masa kai.

"Tana nan. Bakinta ma a cike yake yanzu haka."

"Kai, madalla! Ka gaishe ta."

Da ya kashe wayar Kaka ta zare fil ɗin daga baki, ta ce, "Tsoho da kai."

"Ƙarya na yi?"

Suka yi salla, suka ci abinci a gurguje, suka koma. Shafi da auduga suna nan a ƙasan jaka, tun da ta tanade su. Ta sa ya share ƙasa, ya shimfiɗa shafin fuskarsa a ƙasa, ya lallashe shi har ba sauran tattara, sannan auduga, sannan fuskar bargon. Ya fara sa fil daga kusurwa.

"Daga tsakiya," in ji ta. "Ka fara a cibiya, ka riƙa kora rarar zuwa waje. In ka kulle gefe tun farko, duk abin da ya yi yawa a tsakiya zai taru, ya yi maka tozo."

Sauran aiki shi ne riƙe hawa ukun nan kada auduga ta tattare a wanki. Da can takan bi bargon duka da ɗinkin hannu, kwana biyar ko shida. Yau babu wannan. Ta ce za a ɗaure ne: a soka zare mai kauri a kowace mahaɗar gidaje, ya fita ta baya ya dawo, a ƙulla sau biyu, a yanke da ɗan saura.

Suka ɗora bargon a kan tebur, ita a gefe, shi a gefe. Sokawa ba ta ba shi wahala ba. Ƙullin ne ya gagara. Yatsunsa manya ne, sun yi kanta, duk sa'ad da ya yi ƙulli na farko ya saki zai yi na biyu, sai na farkon ya saki. Ƙarfe biyu ta wuce, guda shida kawai suka yi, biyu ma sun kwance. Kaka ta ɗora yatsan hagu ta danne masa ƙullin, amma da ta ɗauke hannun daga bargon sai ya zame zuwa ƙasa, don da shi take riƙe gefen.

"Hannu uku aikin nan yake so," in ji Kafinta. "Bari in ɗauko guduma in danne."

"Guduma a kan bargon jaririya? Allah ya kiyaye."

Ta dubi cinyarta. Sannan ta kama hannunta na dama da na hagu, ta ɗaga shi, ta ajiye a kan bargon.

"Ga nauyi nan. Ko ba komai ya yi aikin guduma."

Kafinta ya ɗauki allura. Ya soka, ta danne da hagu, ya ƙulla, ya yanke. Suka matsa gaba. Takan ɗauki hannun daman ta sauya masa wuri duk bayan layi. A layi na huɗu almakashi ya faɗi, ta miƙa hagu ta tare shi, daidai lokacin da ya ja ƙulli na farko. Ƙullin bai saki ba. Ya duba. Manunin hannunta na dama ne a kai, yana rawa, farcen ya yi fari saboda dannawa.

Ya ɗago ya dube ta. Ita ma yatsan take kallo.

"Ƙulla mana," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Ka ɗauka zai jira ka har gobe?"

Ya ƙulla. Ya juya kai ya goge ido da kafaɗa, ya ce ƙurar auduga ce. Daga nan yatsan ya riƙa danne musu, wani lokaci ya zame, wani lokaci ya riƙe. Ba wanda ya ƙara magana a kai.

Uku saura kwata suka gama ƙulli. Ya naɗo bakin shafin ya kalmasa a kan fuska, ya bi shi da keke gefe huɗu, wannan karon a hankali. Kusurwa ɗaya ta ɗan tattare. Ya ɗauko reza zai farke.

"Bar ta," in ji Kaka. "Jaririya ba ta zo da kwana ba."

Ya ninke bargon, ya sa a jaka, ya tafi neman takalmi. Da ya dawo sai ya tarar da ita a tsaye a bakin ƙofa, ta yafa mayafi, sanda a hannu.

"Ina zuwa?"

"Ka ɗauka zan bar ka ka je ka ce kai ka yi duka? Tare mana mota."

A asibiti sai da suka yi tafiya mai nisa a baranda, tana jan ƙafa, yana ɗauke da jaka a gefenta. Mutane suna wucewa, wasu suna kallo, wasu ba su ma lura ba. Auta tana zaune a bakin gado, mijinta yana haɗa kaya. Da ta ga wadda ta shigo sai ta miƙe ba shiri.

"Mama!"

"Zauna, kada ki fama ɗinkin tiyata. Ina take?"

"Baba, tawul ɗin fa?"

"Na manta," in ji shi, ya buɗe jaka.

Auta ta karɓi bargon, ta warware shi. Ta ga rigar makarantarta, ta ga labulen. Da ta zo kan shuɗin sai ta dubi mahaifinta, ta dubi rigar da ke jikinsa, ta rufe baki da hannu. Ma'aikaciyar jinya ta kawo jaririyar, 'yar mitsitsiya, kanta bai fi lemo ba. Aka zaunar da Kaka, aka shimfiɗa mata bargon a cinya, aka ɗora yarinyar. Ta naɗe ta da hagu, ta ɗago daman ta tokare.

"Kai, wannan aiki ya yi kyau," in ji ma'aikaciyar. "Ratsin nan na tsakiya shi ya fi burge ni. Wa ya kawo wannan tsarin?"

"Ni ne," in ji Kafinta da sauri. "Da ban gajarce ba, da ba a samu ba."

Kaka ta harare shi, amma ba ta ƙaryata ba. Hankalinta yana kan jaririyar, wadda ta zaro hannu daga cikin bargon tana lalube, har ta kama manunin Kaka na dama ta damƙe.

Mijin Auta ya ɗauki kaya. A hanyar fita ya matso kusa da surukinsa, ya rage murya, ya ce matar wan Auta ma an ce tana da wata uku. Kaka tana gaba da sandarta, amma ta ji.

"Baban yara."

"Na'am."

"Kana da wata tsohuwar rigar?"

"Saura ɗaya. Ita nake zuwa aiki da ita."

"To a wanke ta gobe," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "Huɗu da rabi."